Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Nazarin Lamarin Wata Mai Jego da Kunya Ta Hana Neman Magani

Da izininta na rubuta wannan. Ta ce in faɗi komai, amma kada in kama sunanta, ko na unguwarsu, ko na Islamiyyar da muke koyarwa tare a Kano. Zan kira ta Malama, kamar yadda ɗalibanta ke kiranta. Shekarunta 26 lokacin da ciwon damuwa na bayan haihuwa ya same ta. Tun tana 'yar shekara 14 ta sauke Alƙur'ani, daga baya ta haddace, kuma ita ke riƙe da ajin matan aure na yamma, tana karantar da tajwidi da fiƙihu. Ita ce wadda idan ɗaliba ta zo da kukan miji ko na kishiya take dafa ta ta ce, "Ki yi haƙuri, Allah yana tare da masu haƙuri." Wannan matsayi nata a riƙe shi, domin shi ya zame mata katanga daga baya.

Yadda abin ya faro

Haihuwar fari ce. Naƙuda ta yi tsawo, ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata leda 1. Allah ya sauke ta lafiya, aka samu ɗa namiji, aka yi suna, ta tafi gidansu wankan jego.

Kwanakin farko ta yi ta kuka ba dalili. Ummanta ba ta ɗaga hankali ba, kuma tana da gaskiya: mata da yawa kan yi wannan kuka daga kwana 3 ko 4 da haihuwa, ya wuce da kansa kafin mako 2. Na Malama bai wuce ba. Aka yi arba'in abin sai gaba yake yi. Takan farka wajen ƙarfe 2 na dare, jariri na barcinsa, ita kuwa ido biyu har kiran assalatu. Kunun kanwa da farfesun kaza da gasasshen naman da ake tura mata duk ɗanɗanon ƙasa suke mata. Tsakiyar kanta na zafi, gabanta na faɗuwa, tana jin kamar wani abu na mata yawo a jiki. Abin da ya fi tsorata ta shi ne idan ta dubi yaron ba ta jin komai. Tana ba shi nono, tana canza masa zane, amma zuciyar shiru, kamar ɗan maƙwabta aka ba ta riƙo.

A nan al'adarmu ta rufe ciwon ba tare da kowa ya yi nufin haka ba. Mun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ɗoki a kansa. To idan Malama ta kau da kai daga jaririn, ko ta miƙa wa ƙanwarta shi da zarar ya gama shan nono, sai gwaggonninta su yi murmushi su ce, "Kai, yarinyar nan akwai kara." Alamar ciwo ce ake yaba mata a matsayin tarbiyya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar mai jegon fari an riga an koya mata abin da za ta nuna.

Da jinin biƙi ya ɗauke ta koma salla, sai ta tarar da abin da ya ƙarasa karya ta. Ta kabbara, ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Mahaddaciya ce, amma sai sura ta kufce mata a tsakiya. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, ba abin da ke fitowa. Sannan ga wasu hotuna da ke faɗo mata a rai ba shiri: tana yi wa yaron wanka sai ta ga kamar ya suɓuce mata cikin ruwa, ko tana tsaye da shi sai ta ga kamar ta sake shi. Jikinta ya ɗau rawa. Ta daina yi masa wanka. Ba ta gaya wa kowa ba, ta yanke wa kanta hukunci: imaninta ne ya fita, ita munafuka ce da ke koya wa mata abin da babu shi a zuciyarta.

Abin da gida ya yi

Ba a zuba mata ido ba, wannan dole a faɗa. Umma ta tuna ranar da Malama ta zubar da tafasasshen ruwan wanka a bayan ɗaki da magariba, wataƙila ba bisimilla, ta ce shafar aljanu ce. Aka ɗauko wani malami mai ruƙiya, mutumin kirki. Ya yi karatu, ya ba da man zaitun da habbatus sauda, ya ce ta lizimci azkar. Malama ta ce lokacin da yake karatun takan ji sanyi a ranta, kuma ban yi mamaki ba, Alƙur'ani ne. Sai dai da dare ya raba idonta na nan biyu.

Da aka ga shiru, wata maƙwabciya ta kawo wani daban. Wannan ya ce sai aljanin ya yi magana. Ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, ya yi ta daka mata tsawa, ya tsula mata bulala a ƙafa yana cewa ba ita yake duka ba. A zama na 3 Malama ta canza murya ta faɗi wani suna, ta ce ta tuba za ta fita. Ta gaya mini daga baya cewa ba kowa a jikinta, ita ce ta yi maganar don kawai a ƙyale ta. Aka biya shi kuɗi masu kauri, gida ya yi murna, ita kuma ta ƙara wa kanta wani laifin: ta yi ƙarya a wurin da ake karanta Alƙur'ani.

Ta koma ɗakinta a haka. Maigidanta ɗan kasuwa ne, ba mugu ba ne, bai rage ta da ci ko sha ba. Shi ya sa tambayarsa kullum ɗaya ce: "Wai me na rage ki da shi?" Ba ta da amsa, domin bai rage ta da komai ba, sai tambayar ta zame mata shaida cewa ita butulu ce. Dangin miji kuwa suka fara raɗe-raɗin sammu, har aka fara nuna wata 'yar uwa da yatsa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba balle sauka.

Ni ma ina da nawa kason. Na je barka, na je bayan arba'in, na ga ta rame, na ga idanunta. Abin da na ce mata shi ne, "Jego kenan, sai haƙuri." Maganar da ita take gaya wa wasu na mayar mata. Har yau abin na ci mini rai.

Kunyar da ta ɗaure ta

Da muka zauna daga baya muna warware zaren, na gane kalma ɗaya muke amfani da ita, kunya, amma abubuwa da dama ne aka cusa a cikinta.

Mafi nauyi ita ce kunyar Ubangiji. Malama ta sha jin ana cewa mumini ba ya shiga damuwa, wanda ke karanta Alƙur'ani ƙunci ba ya kama shi. Ita kanta ta taɓa faɗin makamancin haka a aji. Idan haka ne, zuwa wurin likita tamkar shelanta cewa Alƙur'ani bai ishe ta ba ne. Wannan tunani ya fi bulalar mai ruƙiya yi mata illa, domin ya kulle ƙofa ta ciki. Matar da ba ta yi zurfi a karatu ba wataƙila da ta fi saurin cewa "ba ni da lafiya". Malama kuwa duk ayar da ta sani sai ciwon ya juya ta ta zama tuhuma a kanta.

Sai ta gida. Tana da ƙanne mata 2 da ba su yi aure ba, kuma kowa ya san abin da ake tambaya idan an zo binciken aure: gidan akwai taɓin hankali? Kalma ɗaya ta isa ta kori manemi. Tana kuma tsoron a ce ba za ta iya riƙon yaro ba a karɓe shi, ko a yi mata kishiya da hujjar lalura. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai abin da in ciki ya riƙe shi, mai cikin yake ci.

Ga kuma sunan wurin. A Kano idan aka ce an kai mace Dawanau, magana ta ƙare, ba mai tambayar wane irin ciwo ne. A Kaduna Barnawa ake cewa, a Sakkwato Kware. Asibitoci ne da ake warkar da mutane a cikinsu kullum, amma a bakin jama'a sun zama zagi. Harshenmu ma bai taimaka ba: hauka muka sani, wanda ke yawo a bola, sai kuma lafiya. Tsakaninsu akwai fili mai faɗi da ba mu raɗa wa suna ba sai kwanan nan da "ciwon damuwa" ya fara zama a bakin mutane. Tsoron kuma yana da tushe. Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, aka sabunta ta a 1958, ta fi karkata ga tsare mai taɓin hankali fiye da yi masa magani, kuma ita ce ta yi ta aiki har zuwa watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2019 duk mun ga hotunan mutane fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Matar da ta tashi tana ganin haka ake yi wa wanda aka ce kansa ya taɓu, ba wauta ta yi ba idan ta ja bakinta ta yi shiru.

Ƙofar da ta fara buɗewa

An samu dama tun a mako na 14, ranar rigakafi. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna yaron ta dubi uwar ta ce, "Maman jariri, ke fa, kina samun barci?" Malama ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Gaisuwarmu ba ta bar wa mara lafiya wurin tsayawa ba; ko a gadon asibiti kake, "da sauƙi" za ka ce. Nas ɗin ta ce ta dawo ranar da ba layi su yi magana. Ba ta koma ba, amma ta ce tambayar ta zauna mata, domin tun da ta haihu ba wanda ya tambayi barcinta.

Yaro na da wata 5 ba ta dawo aji ba. Shugabar makarantarmu, dattijuwa mai shekara 60 da ɗoriya da muke kira Gwaggo, ta ce in raka ta. Muka tarar da ɗaki a share, yaro fes, Malama kuma kamar an zare mata laka. Bayan gaisuwa Gwaggo ba ta yi nasiha ba. Ta ce, "'Yata, karanta mini Suratu Maryam, daga inda naƙuda ta kama ta." Malama ta fara a hankali, har ta kai aya ta 23, inda Nana Maryam ke cewa kaitonta, da ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta da shi sam. Sai muryarta ta tsaya.

Gwaggo ta ce, "Wa ya faɗi wannan?"

"Nana Maryam."

"Imaninta ne ya yi rauni?"

Shiru.

"To da me aka amsa mata? An ce mata ta ji kunya? Ci gaba." Malama ta karanta: kada ki yi baƙin ciki, ga ƙorama a ƙarƙashinki, girgiza kututturen dabino, ki ci, ki sha, ki sanyaya ido. Gwaggo ta ce, "Kin gani. Lallashi, da ruwa, da abinci. Kuma ita aka ce ta girgiza dabinon, alhali wanda ya ba ta ɗa ba uba yana da ikon zubo mata shi."

Sannan ta ba da labarin da ni kaina ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi tare da ita. Bayan haihuwarta ta 4 ta yi kusan shekara cikin duhu, tana tashi tana aiki kamar gawa, ba ta gaya wa kowa ba, domin a zamaninsu ba wanda za a gaya wa. Ta ce, "Na fita, amma shekarar nan ba ta dawo ba, kuma yaron bai samu uwa a cikinta ba. Ba na so ki biya abin da na biya."

A nan Malama ta fashe. Ta faɗi maganar salla, ta faɗi ƙaryar da ta yi wa mai ruƙiya, daga ƙarshe, fuska a cikin hijabi, ta faɗi hotunan da ke zuwar mata game da yaron. Gwaggo ba ta zabura ba. Ta tuna mata sahabban da suka zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta a zukatansu, ya ce musu ƙin abin da suke ji ɗin nan shi ne tsantsar imani. Ta tuna mata yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar, cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, da Ummu Sulaim da ta zo da tambayar da ta sa Ummu Salama rufe fuska, ta buɗe da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Ta ce, "Kunyar da ke cikin imani ita ce mai hana ki saɓo. Wadda ke hana ki magani ba ita ba ce, sunan kawai ta ara."

Duk waɗannan Malama ta san su, ta ma karantar da wasu. Abin da ba ta taɓa samu ba shi ne wadda ta fi ta ilimi da shekaru ta ce mata: ni ma, kuma asibiti za mu.

Saura maigida. Gwaggo ba ta tunkare shi da kanta ba, maigidanta ta tura, suka yi maganarsu ta maza bayan sallar isha'i. Ya yarda bisa sharaɗin kada kowa ya ji. Aka ce wa dangi asibitin ciwon kai za ta.

A asibiti

Ni na raka ta sashen ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti. Ta sa niƙabi, ita da ba ta saba sawa ba, ta kuma sa mai adaidaita sahu ya sauke mu nesa da ƙofa. A kan benci muka tarar da mata irinmu, wasu da goyo, wata da carbi, wata da ƙaramin Littafi Mai Tsarki a cinya. Malama ta raɗa mini, "Ashe mutane ne kawai."

An fara da wasu tambayoyi 10 da aka tsara a birnin Edinbara na Birtaniya a 1987 don gano damuwar masu jego, nas tana fassara mata. Ta ƙarshe ita ce ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zuwar mata. Ta daɗe kafin ta amsa. Ta ce ba ta taɓa niyya ba, tana tsoron Allah, amma takan roƙi Allah ya ɗauki ranta, kuma tana ganin yaron zai fi dacewa da wata uwar. Likita bai yi salati ba, bai yi wa'azi ba. Ya yi tambayoyi dalla-dalla, ya tabbatar ba ta da wani shiri, ya ce a gaya wa maigida kada a riƙa barinta ita kaɗai, kuma in tunanin ya ƙaru a dawo ko tsakar dare ne.

Game da hotunan nan, ya ce mata da yawa masu jego na samun irinsu, kuma yadda suke firgita ta har take nisantar abin alama ce cewa ba nufinta ba ne. Ya bambanta mata su da wani ciwon daban, mai kama mace 1 ko 2 cikin 1,000, galibi a makonni 2 na farko: mace ta rikice, ta daina barci sam, ta riƙa jin muryoyi ko ta gaskata abin da babu shi. Wannan na gaggawa ne, ranar da aka gani ranar ake kai ta asibiti. Shi ne kuma wanda aka fi cewa aljanu ne a rufe mace a ɗaki.

Aka ɗebi jini, aka samu yana da ƙaranci. Aka duba halittar gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo, domin rikicewarta bayan haihuwa kan kwaikwayi ciwon damuwa. Aka duba zuciya, saboda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa. Duka biyun lafiya. Sakamako: ciwon damuwa na bayan haihuwa, mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari wannan ciwon. Ajin Malama na da mata fiye da 40, kusan duk masu haihuwa. Na yi lissafin a zuciyata, jikina ya yi sanyi.

Da aka zo maganar ƙwaya ta ja baya. Tun bayan da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, da irin labaran matan aure da shaye-shaye da suka cika gari, "tana shan ƙwaya" ta zama baƙar magana. Likita ya yi mata bayani: wannan ba ya bugarwa, ba ya sa maye, ba a jin daɗinsa balle a nemi ƙari, mai shayarwa na iya shan irin wanda ya zaɓa mata, ba zai fara aiki ba sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ko ta ji sauƙi za ta ci gaba da sha watanni, ba a yanke shi rana ɗaya. Ya haɗa mata da maganin ƙarin jini. Ya ce ta ci gaba da azkar ɗinta da karatunta, abin da ya hana kawai duka da hayaƙi.

Bayan haka duk mako 2 tana zama da wata ma'aikaciya mai ba da shawara. Aikin ba shi da ado: ta rubuta tunanin da ya fi damunta, misali "ni muguwar uwa ce", sannan su auna shi da hujja kamar yadda ake auna ruwaya. Wa ke tashi ba shi nono? Wa ya kai shi rigakafi? Aka tsara ƙanwarta ta dawo gidan don ta samu barcin sa'o'i a jere, aka sa ta fita tsakar gida da hantsi, ta koma karatu da shafi 1 kacal a rana. Irin wannan hanya an gwada ta a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, tsakanin mata Musulmi masu zaman gida irin namu, inda ma'aikatan lafiya mata na unguwa suka yi aikin. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya yi kyau har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi jagora a 2015. Ba kuma baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wani malami Musulmi da ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke saukar wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani.

Sauƙi bai zo a miƙe ba

Kwana 10 na farko da fara shan maganin tashin zuciya kawai ta samu, ta ce a bar shi. Gwaggo ta riƙa kiranta kowace safiya. A mako na 3 ta yi barci har asuba. Wajen mako na 6 yaron ya kama mata ɗankwali ya ja, ta yi dariya, sai ta tsaya tana mamakin jin muryarta. Ranar ta yi masa wanka da kanta. Salla ta dawo a hankali. Ta ce ranar da ta idar da la'asar ta tarar ta san abin da ta karanta tun daga kabbara har sallama, ta daɗe a kan dadduma tana kuka, irin kukan da ta yi kewarsa.

A wata na 3 da fara magani uwar miji ta ga katin asibiti a jaka, ta ba jikanta ya karanta mata. Ta ce, "Ashe mahaukaciya aka aura wa ɗana." Maigidan, wanda da shi ne mai cewa kada kowa ya ji, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ni na kai ta, kuma kun ga sauƙin da aka samu." A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma kalmar ta riga ta shiga. Azumi ya zo, Malama ta ce ai ta warke, ta ajiye magani ba ta gaya wa kowa ba. Kafin salla rashin barci ya dawo, faɗuwar gaba ta dawo. Muka koma. Likita bai yi faɗa ba, ya ce da ta tambaya da an mayar mata da shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Ta ɗauki kusan shekara tana sha, sannan aka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har aka tsaya.

Akwai wahalar da ba ta kunya ba: kuɗin mota, kuɗin magani, da layin da kan cinye yini. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Malama a cikin Kano take, mijinta na da abin hannu. 'Yar uwarta da ke ƙauye, ko ta yar da kunyar, tafiya ce a gabanta.

Inda nake ganin an yi asarar lokaci

Wata 5 aka yi kafin ta ga likita, kuma a cikinsu ta bi ta hannun mutane da yawa masu son ta. Wanda na fi tunawa shi ne malamin ruƙiya na farko. Gida ya yarda da shi, shi aka fara kira. Da ya ce, "Zan ci gaba da karatu, amma rashin barcin nan da ramar nan a kai ta likita ya gani," da Umma ba ta yi musu ba, da na biyun bai samu shiga da bulalarsa ba. Wannan ba mafarki ba ne. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya a Aro ta Abeokuta, kuma wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka fitar a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan masu addu'a da masu maganin gargajiya suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti.

Nas ɗin da ta fassara tambayoyin, Kirista ce 'yar Zumuntar Mata, ta ce mini a wurinsu ma haka ne: a ce wa mace ta ƙara azumi da addu'a, mai bi ba ya baƙin ciki, sai ta koma gida da ciwonta da kuma laifi a kai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wuraren da mata ke taruwa don Allah su ne wuraren da suka fi yarda da su. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane haka tun ƙarni na 19, da ta riƙa tura jajis, dattawan mata, su shiga gidaje su kai wa mata ilimi inda suke. Abin da Gwaggo ta yi kenan. Ba ta yi aikin likita ba, ba ta ce ta san magani ba. Ta cire wa Malama tuhumar munafunci, ta kama hannunta zuwa wurin waɗanda suka sani.

Har yau uwar mijin na cewa mai bulala ne ya fitar da aljanin, kuma ba a gaya wa ƙannen Malama sunan ciwon ba sai bayan an ɗaura wa babbar aure. Da ta samu ciki na 2, a awon farko ta gaya wa nas da bakinta cewa ta taɓa yin ciwon damuwa bayan haihuwa, a rubuta a kati, domin likita ya gaya mata yana iya dawowa.

Ta koma ajinta. Da suka kai babin jinin biƙi, bayan ta gama hukunce-hukuncen wanka da salla, sai ta rufe littafi ta ce akwai wani abu da kan samu mai jego wanda ba a rubuta a nan ba. Ta faɗi alamominsa, ta faɗi inda ake zuwa. Ba ta ce ita ba ce. Da aka tashi, ina tattara allunan yara a baranda, na ga wata ɗaliba mai goyo ta ƙi fita, tana ta gyaran hijabin da ba abin da ya same shi. Sai da aji ya watse ta matso ta ce, "Malama, wata ƙawata ce take da irin wannan."

Malama ta jawo mata tabarma. Ta ce, "Zauna, ƙanwata. Tun yaushe ƙawar taki ta daina barci?"